Bakin Baba Sitaci da Ruwan Rijiya

Filin masu wanki yana bayan tasha: rijiya huɗu, kwami tara na siminti, igiyoyin shanya ashirin da biyu in an haɗa da wadda ta tsinke aka ƙulla. Wanda ya fi kowa daɗewa a wurin shi ne Baba Sitaci. Tun yana saurayi sunan ya bi shi, don abokan aikinsa sun rantse rigar da ya sa wa sitaci tana iya tsayawa da ƙafarta ba kowa a ciki. Sabulu ya cinye masa farce, bayansa ya ranƙwafa daidai tsayin kwami, har in ya miƙe sai ka ga kamar yana neman wani abu a ƙasa. Da wannan aikin ya aurar da 'ya'ya uku. Ta huɗun, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ke yi masa guga a rumfa.

Da kamfanin haƙar ma'adinai ya fasa tudun da ke gabas da gari, ba ƙarar ce ta dami Baba ba, ruwa ne. Rijiyoyin suka soma ba da ruwa mai kalar shayi, ka wanke farin yadi fes, ya bushe ya fito da ɗorawa-ɗorawa kamar an zuba masa miya. Masu fararen kaya suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, sai dai ka hango rigar da ka sani a jikin mai ita, wani ne ya wanke. Cikin kwami tara, uku kaɗai ke aiki. Abin da ya rage wa Baba mai ƙwari shi ne zannuwan gadon asibitin unguwa, sittin duk mako, kuma shugabar masu jinya ta riga ta kira shi gefe ta ce tana jin nauyinsa, amma in zannuwa suka ci gaba da dawowa haka, birni za ta riƙa aika su, wurin masu injin wanki. Ya koma sayen ruwan 'yan garuwa don ɗauraya ta ƙarshe, ribar ta bi ruwan ta tafi.

Ana cikin haka aka ji kamfanin ya ware asusun tallafi don unguwannin da aikinsa ya taɓa. Unguwa biyar ke nema, kuɗin na unguwa biyu ne kacal. Masu wanki suka nemi rijiyar burtsatse mai zurfi da tankin tace ruwa, suka ce Baba ne bakinsu, tunda shi ne babba.

Jami'ar asusun ta zo da kanta, yarinya mai ladabi, ba 'yar yankin ba, a wurin aiki ta koyi Hausa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ba ta kujerar da ba ta girgiɗi, sannan ta tambaye shi yaya ruwan nasu yanzu.

"Da sauƙi, 'yata," in ji Baba.

Ta tambayi kasuwa, ya ce sun gode Allah. Ta rubuta, ta leƙa rijiya ɗaya, ta wuce unguwa ta gaba. Uwata ta tafi sayen gawayin dutsen guga a lokacin, ba ta ji komai ba.

A ajin firamare aka karanta sakamako, manya zaune a kan bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Hanyar kasuwa ta samu motar yayyafa ruwa don kwantar da ƙura, makaranta ta samu sabbin tagogi. Masu wanki ne na ƙarshe, kuma mai karantawa ya faɗi dalili a fili: wakilinsu ya shaida cewa lamarin ya yi sauƙi. Wani mai wanki daga baya ya ce ashe Baba ya warkar da rijiya bai gaya wa kowa ba. Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Uwata ta jira sai da suka koma rumfa. Ta dire dutsen guga ta ce wannan ruwan ne da sauƙi? Ya ce to me take so ya ce, baƙuwa ta gaishe shi, ya buɗe baki ya kai ƙarar Ubangiji? Ta ce ba gaisuwa ba ce, tambaya ce, ba ka ga biro a hannunta ba? Ya jawo wata riga yana murza wuyanta.

"Ranar da mahaifiyarki ta daina gane ni," ya ce, "duk wanda ya tambaye ni jikinta, da sauƙi na ce masa."

"To ai ta rasu, Baba."

Ita ma ta ji nauyin abin da ta faɗa, ta ɗauki rigar daga hannunsa ta goge.

Ita ta yi ta zarya ofishin asusun har aka yarda a saurare su a zaman ƙorafi. Jami'ar ba ta ɓoye damuwarta ba, ta ce ita abin da aka faɗa mata ta rubuta, kuma ba ta da ikon sauya maganar mutum sai shi ya sauya da bakinsa a gaban kwamiti. Nan gizo yake saƙar, don Baba ya shekara sittin da wani abu bai taɓa furta kalmar da ake nema ba.

Aka miƙa masa abin magana, ya riƙe shi nesa da baki kamar zai ƙone shi. Ya gaida kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyalansu, ya yi wa kamfani fatan alheri. Shugaban zaman ya duba agogo.

"Baba," in ji jami'ar a hankali, "yau ba gaisuwa nake yi ba. Ruwan rijiyar nan, yaya yake?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce ruwa dai ga shi nan. Uwata ta yi gyaran murya daga bencin baya. Ya ce kwami shida sun bushe, masu su sun koma dako a tasha, shi ma saura ƙiris.

"Babu sauƙi," ya ce. Ya sunkuyar da kai ya nemi gafarar Allah a ƙasan maƙoshi, ya zauna kamar wanda ya sauke buhu.

An rubuta. Sai dai kuɗin an riga an raba, ragowar ba ta kai burtsatse ba. Abin da ta kai shi ne tanki ɗaya, da alkawarin motar kamfani za ta riƙa cika shi, burtsatse kuma a sake nema baɗi.

Baba ya je asibiti da wannan labarin. Shugabar masu jinya ta saurare shi har ƙarshe, ta ce tanki ɗaya tsakanin mutum uku ba zai ɗauraye zannuwa sittin ba, shi ma ya sani. Fararen za su tafi birni. Korayen ɗakin haihuwa, ashirin da huɗu, waɗanda tabon ruwa ba ya nunawa a jikinsu, ta bar masa. Ya yi godiya, ya ƙirga su a gabanta, ya ɗaure a zani ya ɗora a ka.

Da tankin ya iso, shi ya sa gawayi ya ja layi biyu a jikinsa, ya raba shi kashi uku, ya ɗauki na ƙasa, wanda sai a ƙarshe ake ɗiba, don shi ya fi iya jira. Sannan ya jawo benci ya zauna yana fuskantar hanyar da motar ruwa za ta ɓullo, korayen zannuwa jiƙe a kwami.