Baƙin Salatif a Wuyan Jar Waya

Shekara talatin da ɗaya muka yi a benci ɗaya ni da shi, a wani kamfani da ke gyaran rediyo da talabijin, yana kuma haɗa lasifika a ɗakunan taro. Karatunmu ɗaya, ko ma na ɗan fi shi, don ni na gama firamare. Amma shi ake ce wa Injiniya. Ni kuwa Shiru ake kirana, har manaja.

Mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai yawan dariya. In ya shigo da safe sai ya gaisa da maigadi, ya tambayi masinja jikin tsohuwarsa, ya tsokani mai shara. Kafin ya iso benci na riga na buɗe rediyo biyu. Ba zan ce bai iya aiki ba. Kunnensa ya fi na kowa. Lasifika na fara ƙugi zai ce ga inda ciwon yake, kuma in an buɗe can ɗin ne. Abu ɗaya Allah bai ba shi ba: idonsa ba ya raba ja da kore. A aikinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, mutum na iya ƙona kayan mutane, ko ya ƙona kansa.

A shekararmu ta farko na gane, ranar da na riƙe hannunsa yana shirin ɗaura waya a inda ba wurinta ba. Ya dube ni, na dube shi. Daga ranar, duk wayar da za ta bi ta hannunsa sai na fara naɗa wa jar baƙin salatif a wuya. Ban faɗa wa kowa ba, ko maiɗakina. Shi ma bai taɓa ɗaga maganar ba, ko muna mu biyu. A ɗakin taro shi ke tsaye gaban makirfo yana gwada murya, manya na miƙo masa hannu, ni ina durƙushe bayan labule da salatif a aljihu. In abin ya ci ni sai in ce wa raina, ai da zan buɗe baki sau ɗaya, da Injiniya ya ƙare. Ban taɓa niyyar buɗewa ba. Amma sanin cewa ina iyawa, shi na riƙa jingina da shi duk tsawon shekarun nan.

Da ya yi ritaya aka shirya masa liyafa, har da mai ɗaukar bidiyo. Ni da na riga shi ajiye aiki da wata shida, agogon bango aka miƙo mini a ofis, a tsaye. Na aika cewa ƙafata ta kumbura. Ban je ba.

Shekara takwas bayan haka ya rasu. Da aka yi wata biyu, babbar 'yarsa ta zo gidana.

"Kawu, Umma ce ke son ganin kaset ɗin liyafar Abba. Na'urar bidiyon na nan, wayar haɗa ta da talabijin ce ta ɓata tun da muka tashi daga tsohon gida. Ta ce kai za ka san irinta."

Na ce to. Da ta tafi na zauna na yanke shawara ni kaɗai. Zan haɗa musu, in kalla. In ya gode wa kowa a jawabinsa ya tsallake ni, a falon nan zan faɗa musu wanda ya riƙe masa suna.

Shagon wayoyi na nan inda na san shi, kantoci har rufi, kebul na rataye kamar igiyar shanya.

"Baba, wace iri?" in ji mai shagon.

"Mai kai uku. Rawaya, fari da ja."

"Wannan ai kayan tarihi kake nema." Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta yana hure ƙura. "Wa ke kallon kaset yanzu?"

"Gidan Injiniya."

Sai ya saki kwalin. "Allah ya jiƙan mutumin nan. Ko a duhu zai haɗa maka waya, ban taɓa jin ya yi kuskure ba. Ka san shi ne?"

"Na san shi."

"Ko ka taɓa yi masa aiki?"

Sau nawa na tsaya a shagon nan a bayan Injiniya, ni ke zaɓen kaya shi yana hira. Na jawo kwalin gabana. Na ɗauki wayoyi uku na gwada, na ja wuyan kowace, na murza kawunan da yatsa. Biyu sun yi sako-sako. Na ɗauki mai kauri.

A falonsu an bar kujerarsa yadda take, ba wanda ya zauna a kai. Matarsa na gefe da carbi, 'yar na ƙasa kusa da ita. Na durƙusa bayan talabijin, rawaya ta hoto, fari da ja na murya. Allon ya yi yayyafi, ya yi rawa, sai ga Injiniya tsaye da makirfo, da ransa. Ban shirya wa wannan ba. Na nemi gefen tebur na dafa.

Ya gode wa manaja. Ya gode wa direba, da maigadi, har da mai kawo mana shayi. Ina ƙirgawa a zuci. Sai ya leƙa cikin jama'a.

"Ina Shiru? Bai zo ba? To tunda ba ya nan, bari in tona kaina."

Ya zaro guntayen waya biyu daga aljihu ya ɗaga sama.

"Wace ce ja a nan? Ku faɗa mini, don wallahi ni ban sani ba. Shekara talatin Shiru ke naɗa mini salatif. Da ba don shi ba, da tuni kun ci gasasshen Injiniya."

Ɗakin taron ya ɗauki dariya. Manaja har da share hawaye. Suka miƙe tsaye suna tafi, wani yana cewa sai mai gaskiya ke iya faɗin haka. Shi suke yi wa tafin.

"Duk wanda ya zo mana gaisuwa daga kamfani sai ya ba da labarin nan," in ji matarsa. "Ni ma ai tun muna sabon aure nake zaɓa masa hula."

Ashe shekara takwas ina gadin abin da kowa ya sani. Abu ɗaya da na mallaka a kansa, ya ɗauka ya raba wa jama'a da rana tsaka, kuma suka ƙara son sa. Raina ya ɓaci sosai. Na ji ina so in same shi gobe da safe in ce masa ko shawara ai ya yi da ni. A nan na tuna ba inda zan same shi. Ranar da aka binne shi idona a bushe na dawo gida. Ran nan a falonsa sai da na juya fuska wajen bango.

"Malam," in ji matarsa a hankali, "mayar mana baya kaɗan. Wajen da yake nemanka."

Na share ido da hannun riga, na danna, na mayar.