Famfon unguwarmu da kunnen sarki

A gidan rediyo an koya mini cewa shiru laifi ne. Muddin jar fitilar situdiyo tana kunne, ba a barin iska ta tafi babu murya. Da wannan horo na yi shekaru ina karanta labarai da Hausa a Tamale, kuma da shi na tashi a gaban sarkin zango ranar da matan unguwarmu a Nyohini suka tura ni.

Maganar famfo ce. Wani mai gini yana so a ɗauke famfon unguwa daga bayan masallaci a kai shi tsallaken titi, inda manyan motoci ke wucewa. 'Ya'yanmu ne za su riƙa tsallakawa da jarkoki a ka. Na shirya hujjojina, na durƙusa, na zuba su tiryan-tiryan ba tare da na ja numfashi ba. Da na gama, kakakin sarki ya dubi sarki, ya dube ni, ya ce, "Sarki bai ji ba."

Sarki yana zaune kusa da ni, kunnensa lafiya lau. Amma a fada magana ba ta isa wurinsa sai ta bakin kakaki, kuma ni ban bar wa kakaki gurbin da zai ɗauka ba. Aka ɗage zama zuwa bayan sallah.

A hanya yayana ya ce, "Kin ga abin da na faɗa ko? Fada ba situdiyo ba ce. Zama na gaba ni zan yi magana."

"Yaya, yaushe rabonka da ɗaukar jarka?"

Ya tayar da babur ɗinsa, na tayar da nawa.

Shugabana a wurin aiki ya ji labari, ya sa sunana a wani kwas na koyon jawabi da ake yi a wani otal. Malamar ta san aikinta. Ta koya mana tsayawa a miƙe, kallon mutane ido cikin ido, buɗe jawabi da raha. Da aka tashi shan shayi na bayyana mata inda zan yi magana: ba takalmi, gwiwa a ƙasa, ido a tabarma. Ta yi ɗan tunani ta ce abin da take koyarwa na zauren taro ne, kuma ba za ta ruɗe ni ba. Na yi mata godiya na fita. Shugabana ya ce na yi asarar takardar shaida. Na ce masa ba bango nake so in yi wa ado ba, famfo nake so ya zauna inda yake.

Na tafi unguwar Sakasaka wurin magajiya, shugabar matan zango, wadda ta tsufa tana kai ƙarar mata fada. Na same ta tana tsince shinkafa.

"'Yar rediyo," in ji ta, "ke ce kika cika wa kakaki baki har ya kasa haɗiya?"

"Ni ce, Mma."

"Zauna. Faɗa mini maganar. Ni ce kakaki."

Na fara. Kafin in kai ƙarshen jimla ta biyu ta buga faranti da cokali.

"Wa kike kora? Ba ni loma ɗaya. In na haɗiye, ki ƙara."

Haka muka riƙa yi duk yamma bayan na tashi aiki. In faɗi magana guntuwa, in yi shiru, ta maimaita da ƙarfi tana fuskantar turmi, wanda shi ne sarki. Shirun ne ya fi ba ni wuya. Jikina yana gaya mini fitila tana kunne. Ta kuma nuna mini cewa kakaki yakan tausasa magana, don haka abin da ba na so a tausasa, in sa shi gajere yadda ba shi da wurin lanƙwasa.

Ranar zama yayana ya riga ni zuwa, da babbar riga. Da aka kira maganar famfo ya gyara murya. Ban dube shi ba. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa.

"Yaranmu ne ke ɗebo ruwa," na ce, na tsaya.

Kakaki ya ɗauka ya kai.

"Titin nan ba ya jiran yaro."

Ya ɗan yi jinkiri, yana neman inda zai sassauta. Bai samu ba. Ya faɗe ta yadda na faɗa.

Mai ginin ya yi nasa bayani, mai tsawo, kakaki ya taƙaita. Sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa, kakaki ya ɗaga murya: sarki ya ji, famfo yana nan, mai gini ya ja katangarsa baya.

A waje yayana ya ce ai da shi ya yi magana ma haka za a yanke. Na ce to, tun da bakinsa bai gaji ba, ga jarkokin gida can babu ruwa.