Turancin da Muka Haddace

Matso kusa, gyara zama. Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a ciki, yau dai zan fitar da ita, don ban san ko gobe zan sake samun ƙarfin zuciya ba.

A Jarwal, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Iyayena daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa, suka bi ta Sudan, suka yi hajji suka zauna. Ni ban taɓa ganin Kano ba, Jidda ma sau biyu na je. Duniyata ba ta wuce tsakar gida ba: turmi, murhu, da tanda. Ina dama fura, ina toya waina, maƙwabta na aikowa a saya. Karatuna izifi biyar ne, aka yi mini aure. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau biyu ya zauna ke nan. Tallar masu ruwa, faɗan matan Jawa, addu'ar da muɗawwifi ke jan alhazai da ita, duk ina iya maimaita maka har da inda mai maganar ya yi tari. Haihuwa biyu na yi, babu wadda ta kai yaye.

'Yan shekaru bayan babban yaƙin duniya na biyu, wasu mutanen Sin suka kama ɗakin da ke bayan katangarmu. Musulmi ne, gudu suka yo daga ƙasarsu da ta rikice, suka yi hajji, babu hanyar komawa. Su uku ne: uwa, da ƙanenta, da 'yarta mai shekara kamar goma sha shida. Uban yarinyar bai fito ba, kuma ba a zancensa.

Ɗiban wuta ya fara shigo da ita gidana. Ta tsaya tana kallona ina daka, can ta karɓi taɓarya, bugun farko ta watsar mini da rabin gero. Muka yi ta dariya. Washegari ta kawo mini taliyar da uwarta ta ja da hannu, dogaye kamar igiyar guga. Daga nan ta zama 'yar gida. Larabcinta a karye yake, nawa kuma na kasuwa ne, haka muke lallaɓawa. Tana kirana Khala, yadda yaran Makka ke kiran 'yar'uwar uwa. Ni kuwa 'yata nake ce mata, kuma har zuciya nake faɗa.

A ƙasarsu ta yi makarantar boko, ta kusa gamawa yaƙi ya tashe su. Ta san baƙaƙen Turanci, tana iya haɗa su, amma kaɗan take fahimta. Wata rana kawunta ya zo da labari: wani asibiti a Jidda zai ɗauki 'yan mata a koya musu aikin jinya, amma sai wadda ke karanta Turanci, saboda takardun magani duk da shi ake rubutawa. In ta ci jarrabawa za a ba ta takardar zama, uwarta ma ta samu ta dalilinta. In ba ta ci ba, bayan hajji zai kwashe su su hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai nisa inda danginsu suka taru. Wata uku ya rage a yi jarrabawar.

Na ce, "Turanci? Ai a gida yake."

Maigidana ya yi shekara shida yana dafa wa wani Bature na jirgin ƙasa abinci a Sudan. Duk unguwa an san shi da Turanci. In an sami gwangwani mai rubutu, wurinsa ake kawowa ya faɗi ko kifi ne ko madara. Da na kai masa maganar ya shafa gemu ya ce, "Ki kawo littafin in gani."

Littafin darasi arba'in ne. Kowane darasi ɗan labari ne a sama da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa kuma wasu layuka ƙanana masu lamba. Yarinyar ta ɗora yatsa a kan ƙananan, ta kira shi yadda yaran Makka ke kiran baffa, ta ce, "Ammi, waɗannan tambayoyi ne. A makarantarmu muna amsawa."

Ya ce, "Wannan sharhi ne, ya binti, irin na gefen littattafan malamai. Wa ya taɓa fara sharhi bai sauke matani ba? A haddace na sama tukuna."

Ni ma na goya masa baya da ƙarfina, domin haka aka koya mana. Ana biya maka, ka maimaita, ka wanke allo, a ƙara maka. Ba ka tambayar ma'ana sai ka sauke, sannan ka zauna gaban malamin tafsiri. Ban san akwai wata hanyar karatu a duniya ba bayan wannan.

To, ga yadda muka tsara. Da safe kafin ya fita kasuwar Zahir, zai biya darasin sau biyu da ƙarfi. Ni ina gefe ina tankaɗe, na riga na kama. In ya fita, sai ta zauna a tabarma da littafi, ni ina aikina ina saurare. In ta yi tuntuɓe in buga muciya a bakin turmi, in faɗa mata daidai, ta maimaita. Ni da ban san baƙin Turanci ko ɗaya ba, ni ce mai gyara. Har rausaya na koya mata, gaba da baya, na ce da shi karatu ke shiga jiki. Na sa masa ɗan kari kuma, don abin da ba shi da kari ba ya zama.

Maigida ya dawo wata rana ya tarar da mu, ya ce, "Ya shaikha, saura ki sa hular kwano ki tafi Jidda a ba ki ofis."

Na ce, "In an ba ni, kai zan ɗauka kuku, tunda ka saba."

Yarinyar ta tuntsire da dariya, ko da rabin zancen ya wuce ta.

Abu ɗaya ya riƙa ɓata mini rai. Tana da wani ƙaramin ƙamus, Turanci da rubutunsu, bangonsa ya cinye. Muna cikin tafiya sumul sai ta tsaya cak, ta jawo shi, ta yi ta bin shafi da yatsa. Kalma ɗaya sai ta cinye mana lokacin da za a dafa shayi a sha. Na lissafa kwanaki, na lissafa darussa, na ga ba za mu sauke ba.

Na ce, "'Yata, ajiye wannan."

Ta ce, "Khala, ina so in san me ya sa mutumin ya koma gida."

"Wane mutum?"

"Na cikin labarin."

Na ce, "Ya koma ko kada ya koma, ina ruwanki? Shi za a tambaya a Jidda ko ke? Karanta."

Ranar da ta tafi taya uwarta wanki ta bar ƙamus ɗin a tabarma, na ɗauke shi, na cusa a ƙasan akwati, ƙarƙashin haramin maigida. Da ta dawo ta ɗaga tabarma, ta duba bayan tulu, ta dube ni. Na ci gaba da juya waina. Ba ta tambaye ni ba. Ta zauna ta ɗauki darasi na sha huɗu.

Daga ranar muka yi gudu. Darasi ɗaya a kwana biyu, wani lokaci a kwana ɗaya. Saura mako guda muka sauke. Na yi mata walima yadda ake yi wa mai sauka: na toya waina tanda uku, uwarta ta ja taliya, matan unguwa suka cika tsakar gida. Ta zauna a tsakiya, littafi a rufe, ta jawo darasi arba'in daga farko har ƙarshe, sau biyu kawai na taɓa muciya. Wata tsohuwa Basakkwata duk inda yarinyar ta ja numfashi sai ta ce amin. Uwarta ta kama hannuna ta ɗora a goshinta. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba.

Kawunta ya kai ta Jidda a mota. Kwana biyu suka yi. Ran na uku da la'asar ina shara na ji takunta, kuma tun daga takun na gane. Ta shigo ta zauna a bakin turmi ba ta cire mayafi ba.

Na ce, "Kin manta ne? Wane darasi? Na ashirin da bakwai ko? Na san shi ke ba ki wuya."

Ta ce, "Ban manta komai ba, Khala."

Ta ba ni labari a hankali. Wata likita Ba'indiya ce ta gwada su. Ta ga littafin a hannunta, ta buɗe wani shafi ta ce ta karanta. Yarinyar ta karanta ko kallon shafin ba ta yi ba. Likitar ta yi murmushi, ta yaba. Sannan ta ɗora yatsa a kan ƙananan layukan nan na ƙasa, ta yi mata tambaya ta farko. Shiru. Ta biyu. Shiru. Sai ta ɗauko wata kwalbar magani ta ce ta karanta takardar jikinta, ta faɗi cokali nawa za a ba yaro, kuma sau nawa. Ta karanta tsaf, da karin da na koya mata. Ba ta san cokali nawa ba.

"Ta ce mini muryata da daɗi," in ji ta. "Ta ce amma mara lafiya ba murya zai sha ba."

Maigida na zaune a ƙofar ɗaki. Na juya na ce, "Malam, kai da ka sani, me ya hana ka fassara mata ko sau ɗaya?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce, "Ni Turancina na kicin ne. Kawo ruwan zafi, ɗauke faranti, nama bai nuna ba. Karatun kuwa wani akawu ya koya mini haɗa baƙi. Abin da ke cikin littafin nan, ko kashi ɗaya cikin goma ban sani ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A gabanki? Da duk unguwa?"

Shekara ashirin muna tare, ranar na fara ganin hawayensa. Ban iya yi masa faɗa ba, domin nawa laifin ya fi nasa. Na shiga ɗaki na buɗe akwati, na fito da ƙamus ɗin, na durƙusa na ajiye a cinyarta. Na ce, "Ni na ɓoye."

Ta shafa bangon ta ce, "Na sani. Na gan shi ranar da kika aike ni in ɗauko miki zane."

"To, me ya hana ki ɗauka?"

"Ke kika ajiye, Khala. Na ce kin fi ni sani." Ta rungume ƙamus ɗin a ƙirji. "Na babana ne. Shi kaɗai na fito da shi."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sa maigida ya bi kawun ya roƙe shi a jira wata shekarar. Kawun ya ce takardunsu ba za su kai ba, kuma an riga an rubuta sunansu a jirgin da zai kwashe alhazan gabas. Mako shida ya rage. Maigida ya tafi aikin girki a Arfa, gidan ya zama daga ni sai ita. Kullum tana zuwa ta zauna a tabarmar nan da littafi da ƙamus, ba rausaya, ba kari, bakinta a rufe. Wani lokaci ta yi rabin yini a shafi ɗaya. Wani lokaci in ji ta yi 'yar dariya ita kaɗai, ashe akwai abin dariya a ciki. Ni ina gefe ina toya waina, na riƙe bakina. Duk darasin da ta buɗe ina da shi a kai, amma ba ni da abin da zan ba ta.

Ranar tafiya da hantsi mota ta tsaya a bakin lungu. Uwarta ta rungume ni, muka yi kuka kowa da harshensa. Na ƙulla wa yarinyar garin fura da kuli a tsumma. Ta kai ƙofa, ta dawo, ta kama hannayena biyu, ta dube ni ido cikin ido, ta yi magana da Turanci. Ba daga littafin ba ne, da na gane. Nata ne, ita ta haɗa. Jimla huɗu, a hankali, tana tsayawa tana neman kalma. Kawun ya yi kira daga waje, ta sake ni ta fita.

Wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba. Ban sani ba ko sun isa, ko ta yi jinyar a can, ko tana raye.

Amma jimlolin nan huɗu suna nan. Sau ɗaya na ji su, suka zauna, har da inda ta haɗiye yawu. Maigida ya rasu ban biya masa ba. Yanzu unguwa cike take da masu Turanci na gaske, 'ya'yan maƙwabta da ke aiki a kamfanoni, ko wanne na tsayar zai fassara mini kafin shayi ya huce. Sau da yawa na buɗe baki zan fara, sai in ce a gaida gida. In yafewa ce ta yi mini, na yi shekaru ina ɗauke da ita ban sani ba. In kuma abin da ladabi ya hana ta faɗa mini da Larabci ne ta faɗa da harshen da ta san ba zan ji ba, to ban san yadda zan tashi daga wurin ba.

Kai da ka ji duka, in kai ne, za ka sa a fassara maka?