Kunnen Baba da Iskar Taya

Shekarar da aka koro mu baƙi daga Legas, na dawo Tamale da jaka ɗaya da gejin auna iskar taya, ɗan siriri mai tsawon alƙalami. Shekara huɗu na yi a gidan mai a can, kuma gejin nan ne kaɗai abin da zan iya nunawa. Na tarar da gari a bushe. Mutane na layin sayen ɗanyen dokunu, wato ƙullin masarar da ba a dafa ba, motoci kuwa an ɗora su kan duwatsu saboda rashin taya.

Mahaifina mai faci ne a unguwar Kukuo, rumfarsa na ƙarƙashin wata darbejiya. Ba shi da injin iska sai famfon ƙafa, kuma tunda na dawo ba aikin fari balle na baƙi, ni na gaji taka shi. A lokacin ba mai yar da taya. In ta tsage, Baba ya yanko fatar wata matacciyar taya ya shimfiɗa daga ciki, ya ɗinke da ƙusa da noti. Irin wannan taya ba ta da haƙuri. Ka cika mata iska, ɗinkin ya ɓalle. Ka rage da yawa, gefenta ya lanƙwashe ya cije tif ɗin da ke riƙe iska a ciki. Tsakanin biyun akwai ɗan wuri ƙanƙane, kuma da iya gano shi Baba ya yi suna.

Kafin ya ce a taka famfo, sai ya tambayi direba inda za shi, abin da ya ɗauko, da ko an yi ruwa a can. Mai bin kwalta a cika masa. Mai shiga burji a rage kaɗan, kada gargada ta wahalar da ɗinki. Mai ratsa yashi a sassauta sosai, taya ta baje ta hau kai maimakon ta tona wa kanta rami. Sannan ya ɗauki liba, ƙarfen cire taya, ya ƙwanƙwasa tayar, ya karkata kai ya saurara. Ranar da na fito da gejina, cewa ya yi in mayar da abin wasana aljihu. Na ji haushi ƙwarai. Na riƙa bin bayansa ina aunawa a ɓoye, ko zan kama shi da kuskure. Wata biyu ina yi ban samu komai ba, dole na haƙura.

Babban mai zuwa wurinmu wani direba ne ɗan kudu, Kirista, mai tuƙa tsohuwar Landiroba ta wani ƙaramin asibiti. Duk mako yana kai magani ƙauyukan da ke can bayan hanyar Salaga, inda in taya ta fashe sai mutum ya kwana biyu bai ga wata mota ba. Tayarsa ta gaba ɗinkin Baba ce, noti bakwai, kuma ba shi da safaya. Yakan ɗaga murya don masu zaman benci su ji, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Motana ba kowa zai taɓa shi, sai Baba.” Baba ya basar kamar ba da shi ake ba, amma ranar har tuwo ya fi ci.

Bayan damina ta biyu abu ya fara canzawa. Mahaifiyata ce ta fara ƙorafin sai ta kira shi sau uku kafin ya amsa. A rumfa kuma, ya ƙwanƙwasa ya ce in ƙara, in ƙara, ya sake ƙwanƙwasawa ya ce in ƙara. Ƙafata ta san nauyin famfo, ta san mun wuce wuri. Wata safiya da ya juya yana gaisawa da wani, na ɗora geji a kan tayar direban. Iskar ciki ta wuce ta kwalta nesa ba kusa ba, ga shi kuwa yashi mutumin zai shiga.

Kamata ya yi in faɗa masa, na san haka tun a lokacin. Amma tunda nake ban taɓa gyara wa Baba aiki ba, kuma ban san da bakin da ɗa zai ce wa ubansa kunnensa ya tafi ba. Sai na tsuguna kamar mai ɗaura murfin bawul, bakin da ake sa iska, na danna da tsinken ashana. Iska ta yi ta fita da ƙara. Taku uku ne tsakanina da shi, bai waiwayo ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Direban ya gan ni. Daga makon da ya biyo, da Baba ya gama ƙwanƙwasawa sai direban ya ja shi ɗaya gefen motar, yana tambayarsa labarin gonar masara, ni kuwa in gyara abin da zan gyara. Kusan wata uku muna haka. Ni a ganina kirki muke yi, har wani daɗi nake ji a raina.

Ranar da abin ya fito, an yi yayyafi da safe, ƙasar gaban rumfa ta yi laushi. Motar ta tashi, Baba ya tsaya yana kallon sawunta. Ya tsuguna ya buɗe tafin hannunsa a kai. Sawun ya fi faɗin iskar da ya san ya bayar.

“Kai ka rage?” ya tambaye ni.

“Ni ne, Baba.”

Ya ce tun yaushe. Na ce tun bayan ƙaramar sallah. Bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Maimakon haka ya sake duban sawun, ya ce iskar da na bari daidai take, ita ce ta yashi. Sannan ya tambaya ko direban ya sani. Na gyaɗa kai.

“Ashe ina tsaye ina bugun taya gaban mutane, ku kuna jira in gama.”

Ya wanke hannu ya tafi gida. Washegari ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Direban ya je gida sau biyu ba shi haƙuri. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa, suka yi hirar damina, amma da an ɗauko zancen mota sai ya kawo wani. Ni ma na roƙe shi, mahaifiyata ta sa baki. Ya ce ba fushi yake ba, rumfa tawa ce yanzu, in riƙe ta da kyau.

Har yau abin na ci mini rai. Da na ja shi gefe tun ranar farko na faɗa masa, da ya yi faɗansa ya huce, wataƙila ya ci gaba da tambayar direbobi ni ina aunawa. Shekara shida ya ƙara a duniya. Hanyar gonarsa ta gaban rumfar ta bi, kullum in zai wuce sai ya ɗaga mini hannu, amma bai sake tsayawa ba.