Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Shuɗi ake kiran yayana. Ba shi liman ya raɗa masa ba, amma shi ya bi shi har kabari. Na yi yawo tsakanin Haɗeja da Auyo da Kirikasamma iya rayuwata, ban taɓa jin mai irin sunan ba. Jatau kam kowace unguwa akwai, yaro na fitowa ja sai a liƙa masa. Duna ma ana samu in baƙin ya yi yawa. Amma wa ya taɓa ganin mutum shuɗi? Duk inda Yaya ya faɗi sunansa sai an ce ya maimaita, wasu su yi dariya, shi ma ya taya su.

Kakarmu ta wajen uwa ce ta sa masa. Inna ta je haihuwar fari gidan iyayenta, wani ƙauye cikin fadama bayan Auyo, ranar da ta sauka kuwa ruwa ya shigo gari har cikin ɗakuna. Aka zuba su a kwalekwale ana ta ruwan sama. Kaka ta ciro sabon zanenta na rini, wanda ko wanki ɗaya bai sha ba, ta naɗe jaririn. Da aka kai tudu aka buɗe shi, sai ga yaro shuɗi tun daga kai har tafin ƙafa. Mata suka sa salati, sun zaci ya mutu, sai ya tsala kuka. Ashe shuni ne ya zuba a jikinsa. Kwana uku ana wanka kafin ya fita, sunan kuwa ya zauna.

Kowa na kiransa haka, ban da Inna. Mu asalinmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta jansa a jiki gaban mutane, ko yabonsa ake yi sai ta kau da kai. Inna ta riƙe wannan fiye da kowa. "Kai" take ce masa, in ba ya nan ta ce "yayanku". Har launin ma ba ta ambata. In ta aike ni sayen zare sai ta ce, "Ki sayo mini mai launin sama, kin dai gane."

Yaya manomin shinkafa ne, ga tsokana. Duk girbi sai ya ɗauro buhu biyu a babur ya sauke a tsakar gida.

"Inna, ɗaya naki ne kyauta. Ɗayan kuwa sai kin faɗi sunana."

"Kai, tafi can ka ba ni wuri, marar kunya!" Ta jefe shi da mafici.

Ya yi ta dariya, ya bar mata duka biyun. Mun ɗauka wasa ne kawai. Sai wata shekara ina raka shi zaure ya tsaya, hannunsa a kan babur, ya ce, "Wallahi ƙanwata, so nake in ji yadda zai fito a bakinta. Sau ɗaya tak." Ba dariya a fuskarsa. A lokacin ya haura arba'in, har da furfura a gemu.

Shekarar da ruwa ya hau gonaki kafin shinkafa ta gama nuna, Yaya ya yi kwanaki cikin ruwa iya ƙirji, yana yanka yana zubawa a kwalekwale. Zazzaɓi ya kama shi, aka kawo shi asibiti nan Haɗeja. Rana ta uku bayan azahar na ga ya daina gane mutane. Na fito da gudu, na sami Inna zaune a tabarma cikin mata.

"Inna, don girman Allah ki shigo ki kira shi. Ki kira sunansa, ko zai buɗe ido."

Ta tashi ta biyo ni. Ta tsaya a bakin ƙofa, ga matarsa, ga ƙannen babanmu a tsaye. Ta dubi gadonsa. Sannan ta ce, "Sannu, kai. Allah ya ba ka lafiya." Kafin la'asar ya cika.

A zaman makoki ko ɗigon hawaye Inna ba ta zubar ba. Mata suna ta yaba mata, wai baiwar Allahn nan akwai kara. Ni kuwa zuciyata tafasa take, kuma ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Ranar sadakar uku na kasa riƙewa. Gaban kowa na ce, "To Inna, ya tafi bai ji ba. Kunyar nan sai ki jiƙa ta ki sha." Goggonmu, ƙanwar babanmu, ta daka mini tsawa. Inna ba ta ɗago ba, carbinta kawai take ja. Na yi wata biyar ina gaishe ta daga bakin ƙofa in juya. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Yaya ya bar matarsa da ciki, ta haifi namiji. Ranar suna da safe aka mayar masa da sunan ubansa na yanka. A cikin gida kuma gardama ta tashi kan abin da za a riƙa kiransa, domin a al'ada Inna ba za ta faɗi sunan takwaran ɗanta ba. 'Yan mata suna ta karanto sunayen yayi daga waya. Na ce Shuɗi za a ce masa.

Goggo ta ce, "Ke dai ba kya jin magana. Sunan da kakarsa ba za ta iya kira ba? Kuma wa ke sa wa ɗa wannan a zamanin nan? Dariya za a yi masa a makaranta."

Na buɗe baki zan rama, sai Inna ta miƙe ta shiga ɗakinta. Muka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da wani tsohon zane da ya koɗe, ya kusa komawa ruwan toka. Ban taɓa sanin tana da shi ba, amma ina gani na gane. Ta karɓi jaririn daga hannun uwarsa, ta cire masa sabon tawul, ta naɗe shi a ciki.

"Shuɗi," in ji ta.

Har masu daka a tsakar gida sai da suka tsaya.

"Shuɗi. Shuɗi, kana ji na?"

Ba jaririn take kallo ba, ƙofar zaure take kallo, inda ake shigo da buhunan. Sai kukan da ta riƙe wata biyar ya ƙwace mata. Na durƙusa na riƙe ƙafarta, na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Kullum ina faɗa. Duk sallar da na yi sai na faɗa, a ciki. Shi ne dai bai ji ba."

Yaron yanzu shekararsa bakwai. Goggo ta yi gaskiya, ana yi masa dariya a makaranta, kuma har yau shi kaɗai ne mai sunan a duk inda na sani. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Tana zaune a tabarma sai ta ɗaga murya ta kira shi, a yini ya fi sau goma. Ya bar wasansa ya zo a guje.

"Ga ni, Inna."

"Ba komai," take ce masa. "Je ka abinka."