Ƙafar da Na Ɗaga Daga Kan Kuloci

Lokacin da abin nan ya faru shekarata biyu da aure a Karakkai, da goyon ɗiyata ta fari. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma ni mutum ce mai fargaba, ko tari yarinyar ta yi sai cikina ya ɗuri ruwa. Maigidana direba ne, yana lodin Bunguɗu zuwa Gusau da wata tsohuwar mota wadda shi yake gyaran abarsa a ƙofar gida.

Wata Juma'a da hantsi ya ce iska ta shiga kuloci, in zo in taya shi cirewa. Ban taɓa zama kujerar direba ba. Ya nuna min abin takawa na hagu, ya ce in taka sau uku in danne, shi zai kwance ɗan noti a ƙasa man birkin da ke ciki ya fito da kumfa, kada in ɗaga sai ya ce. Ban gane yadda iska ke hana ƙarfe aiki ba, na dai bi. Muna zagaye na huɗu yarinyar ta tsala kuka daga tabarma, sai kawai na ga ƙafata a sama. Na ji wani ɗan tsuit daga ƙasa, na maida da sauri. Ya tambaya ko na saki, na ce a'a. Da ya gwada ya ce akwai ɗan laushi amma zai yi, ya wuce masallaci.

Washegari zazzaɓi ya rufe yarinyar har tana ƙanƙamewa. Muka kama hanyar asibitin Gusau. Mun wuce Bunguɗu ya rage gudu wajen wani rami, sai giya ta ƙi shiga, sai ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Nan na faɗa masa gaskiya ina kuka. Bai yi faɗa ba, ya ɗauko sifana da ragowar man birki, ya ce, "Koma can ki zauna. Wannan karon ko mi ta yi, kada ki ɗaga."

Na danne, yarinyar tana kan cinyata jikinta kamar garwashi, idonta yana juyewa. Ƙafata na kan kuloci, hannuna na kanta, ina jiran kalma ɗaya daga ƙarƙashin mota. Ban san minti nawa ba ne. Giya ta shiga, muka isa, aka yi mata allura, Allah ya tashi kafaɗunta.

Daga baya bakanike ya ce wata roba ce ta mutu, ko ban ɗaga ba iska za ta koma. Maigidan kuma ya ce da na faɗa, da a gida aka gano. Har yau ban san nawa ne laifina a ciki ba. Abin da na sani, da na ce na saki, maimaici ɗaya ne a ƙofar gida. 'Yan uwana mata, in aka sa ku aikin da ba ku gane ba kuka kuskure, ku faɗa tun ana tsakar gida. A bakin titi da ɗa a cinya, gaskiyar ta fi nauyi.