Reshen Layin Kawu

Kawuna siminti yake sayarwa, sitonsa kuma yana bakin wani ɗan reshe da ya ɓalle daga babban layin dogo. Reshen nan shi ne abincinsa, don shi ya sa simintinsa ya fi na masu ɗaukowa a mota araha.

Sai dai jirgi ba ya kawo maka kaya har ƙofa. A tasha yake kwance taragonka ya yi gaba abinsa. Ƙaramin kan jirgi ne zai turo maka shi cikin reshe, ka biya. Ya dawo ɗaukar fanko, ka biya. Ga shi siton ƙofa ɗaya gare shi. In taragai suka zo a jere, duk wanda za a matso da shi bakin ƙofa sai an sake kiran kan jirgi, an sake biya, ko da tafiyar ba ta wuce tsawon tabarma ba.

Wannan ne ya tsaya wa Kawu a rai, dama ga shi da maƙo. Ya samo dogon ƙarfe, ya riƙa cusa shi ƙarƙashin ƙafar tarago yana dannawa, leburorinsa na turawa da kafaɗa. Shekara da shekaru ana haka. Bayansa ya ranƙwafa, amma in ka ji shi yana cika baki sai ka rantse kamfanin jirgin ya ci da yaƙi. Haushi yake ba ni, ga kuma tausayi.

Rannan sai ga akawun tasha, aka ba shi kujera ya ƙi zama.

"Baba, za a cire mahaɗar reshenku."

"A kan me? Na taɓa riƙe muku kwabo?"

"Ba maganar bashi ba ce. Da kuɗin turin nan ake gyaran reshe. Reshen da kan jirgi ba ya yawan shiga, sun ce ya mutu. Naku ne ƙarshe wajen kiran kan jirgi a duk tashar."

"To daga yau kullum zan kira!"

"Ku yi haƙuri Baba, an riga an sa hannu."

Aka zo aka kwance mahaɗar. Mota ba ta iya shiga lungun da siton yake sai da ƙyar, masu saye suka watse, leburorin suka bi su. Da na je gaishe shi, na tarar da shi zaune cikin siton, wayam, sai ƙura.

Ya ce, "'Yata, da hannuna na kashe shi. Har gumi na yi."